Cokali Uku na Kunun Gyaɗa

A ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki da na yi aiki a Manchester, mu biyu ne kawai muke jin Hausa. Ni nas ne mai lasisi, ita kuma mataimakiyar nas ce, wato cikin masu wanke marasa lafiya da juya su da canza musu zanen gado da kwashe abin da ba a ambata a gaban abinci. Mutumiyar Gombe ce mai zuwa coci, ta girme ni da kusan shekara goma, saboda haka Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanena. Mijinta ya rasu tun kafin ta baro gida. 'Ya'yanta biyu mata suna makaranta a Levenshulme, in suka buɗe baki da Turanci sai ka rantse a nan aka binne cibiyarsu. Zamansu su uku a ƙasar nan a jikin aikinta yake rataye. Asibitin ne ya tsaya mata ta samu takardar zama, kuma ranar da asibitin ya janye hannunsa, sai dai su fara ɗaure kaya.

Maza ba mu da yawa a aikin jinya, kuma rashin yawan nan ya yi mana rana. In na zauna minti biyu na riƙe hannun wani tsoho, kashegari sai iyalinsa su zo da katin godiya da kwalin cakulan, suna cewa ba su taɓa ganin namiji mai tausayi irina ba. Yaya kuwa sai ta tashi daga aiki ta zauna tana yi wa wata tsohuwa kitso, ta yanke wa wani farce, ta zo da man kaɗanya daga gida tana shafa wa ƙafafun da suka tsattsage, babu mai cewa uffan. Alherin mace a wurin nan kamar gishiri yake a miya, ba a tunawa da shi sai ranar da babu. In ta kuskura ta tafi gida a kan lokaci, sai ka ji ana tambayar abin da ke damunta yau. Ni abin da shugabanni suka san ni da shi shi ne sanin iyaka da iya rubutu. Komai na yi sai na rubuta, da lokacinsa da sa hannuna. Yaya takan tsokane ni ta ce, "Ƙanena, kai da biro a hannu aka haife ka." Ni kuma in ce mata wata rana tausayin nan nata zai kai ta ya baro, mu yi dariya mu wuce.

Ana nan sai aka kawo Hajiya. Dattijuwa ce Bakanuwa, ta zo wankan jegon 'yarta da ta haihu a Old Trafford. Bayan suna da mako biyu ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Ta farfaɗo ɓarin dama a shanye, baki a karkace, maƙogwaronta kuma ya daina bambance hanyar abinci da hanyar numfashi. Mai duba haɗiya ta zo ta gwada ta, ta ce ko ruwa kada a ba ta ta baki. Aka zura mata siririyar roba ta hanci har ciki, ta nan ake ɗura mata abinci mai ruwa-ruwa, aka kuma liƙa takarda a saman gadonta da manyan baƙaƙe. Na san ma'anar takardar nan sarai, ba ni da wani uzuri na jahilci. Duk abin da ya bi ta bakin nan, wani sashensa huhu zai gangara.

Hajiya ba ta jin Turanci ko na sallama. Ranar da ta ji mun gaishe ta da Hausa sai hawaye ya zubo mata ta ido ɗaya. Daga nan duk wanda ya gifta a cikinmu sai ta kama masa gefen riga da hannun da ya rage mata, ta ce, "Yunwa." Mu yi mata bayanin roba, ta dube mu kamar waɗanda suka raina mata hankali. A wurinta da wurin iyalinta, abin da bai bi ta harshe ba ba abinci ba ne.

Surukinta, mijin maijegon, digirin digirgir yake yi, kuma tun bai gama babi na biyu ba kowa Dakta yake ce masa. Shi ne mai jawabi a duk taron 'yan Arewa, shi ne kuma ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka a ƙasar nan, na kwana mako biyu a falonsa kafin in sami wuri. Wata Juma'a bayan an idar da salla, muna wajen takalma, ya ja ni zuwa motarsa tare da wasu mutum uku, ya fito da filas a cikin leda.

Ya ce, "Malam, kwana tara ke nan Hajiya ba ta sa komai a bakinta ba. Mutanen nan da yunwa za su ƙarasa ta."

Na ce, "Dakta, ai ana feeding ɗinta ta tube. Nil by mouth take, ko ruwa an hana."

"Tube abinci ne? Ko kai ma ka zama Bature? Kunun gyaɗa ne kawai, maijego ta dama da hannunta tana kuka. Mu in mun shiga da shi, nurses ɗin nan kallon ɓarayi suke mana. Kai kuwa ɗan gida ne. Cokali biyu, ta dai ji ɗanɗanon gida a bakinta."

Kalma ɗaya ce ta kamace ni, a'a. Amma wanda ka kwana mako biyu a falonsa ba ka iya kallon ƙwayar idonsa a gaban mutum uku ka faɗe ta. Na karɓa da hannu biyu na ce, "Ba komai, Dakta, in sha Allahu." Ina juyawa na ji yana ce musu yaron nan ɗan albarka ne, kuma ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi har cikin raina.

A cikin bas na yi tunanin in tuttular da shi a makwarara in ce an ba ta. Da na yi haka, da ƙarya ɗaya ta raba gardama. Sai na tuna bakin Hajiya bai mutu gaba ɗaya ba. 'Yarta za ta tambaye ta ko ta sha, ta girgiza kai, kafin Juma'a ta zagayo duk Hausawan Manchester sun ji cewa na yi wa Dakta ƙarya. Haka na shiga asibiti da filas a jaka ina lissafin sunana, ban ko lissafa huhun tsohuwar ba.

Aikin yamma gare ni, kuma ni ne nas mai kula da ɗakin a ranar. Na tarar da Yaya a ƙaramin kicin ɗinmu tana wanke kofuna. Na ajiye filas ɗin na ce, "Yaya, ga saƙo daga gidan su Hajiya."

Ta buɗe ta shinshina, fuskarta ta washe. "Kunun gyaɗa! Rabona da shi har na manta." Sai ta rufe da sauri. "Ƙanena, ka manta sign ɗin da ke kan gadonta?"

"Ban manta ba. Cokali biyu suka ce. Da ni mace ne da tuni na ba ta, amma kin san Hajiya, ba za ta buɗe wa namiji baki ba, kunya za ta ji."

Ƙarya ce tsagwaronta. Kullum ni nake goge wa Hajiya baki da ɗan soso, ba ta taɓa ƙin buɗewa ba. Yaya ta girgiza kai ta koma kan kofunanta. Da na ga ba ta motsa ba sai na ce, "Da mamarki ce kwance a wurin nan tana kiran yunwa fa?"

Mahaifiyarta ta rasu a Gombe shekara guda kafin nan, ba ta samu zuwa ba, ta waya ta kalli jana'iza. A wannan kicin ɗin ta ba ni labarin tana kuka, ta ce abin da ya fi cin ranta shi ne ba ta san wanda ya ba tsohuwar abincinta na ƙarshe ba. A matsayin ƙani ta gaya mini, ni kuma na adana shi har ranar da ya yi mini amfani.

Ruwa yana ta zuba a kan hannunta. Can ta ce, "Kai ne in charge yau. Ka ce in ba ta?"

Na ce, "Ni ban ce komai ba, Yaya. Ga shi nan dai na ajiye." Na fice.

Daga teburin nas na hango ta ta wuce da kofin asibiti a hannu, ta ja labulen gadon Hajiya. Na juya baya na shiga rubuta bayanin wani mara lafiya daban, na sa lokaci, na sa hannu. Daga baya ta gaya mini cewa a cokali na farko Hajiya ta lumshe ido, a na biyu ta sa mata albarka da rabin bakin nan nata, a na uku tari ya sarƙe ta.

Na'ura ta hau ƙara. Muka ruga, likitar da ke bakin aiki, wata matashiya, ta iso a guje. Hajiya tana ta kokawa da numfashi, leɓenta ya canza kala. Aka zura robar zuƙo majina, sai ga farin abu yana fitowa da ƙwayoyin shinkafa a ciki. Likita ta ɗaga murya ta tambaya ko an ba ta wani abu ta baki. Ni na ƙura wa na'ura ido kamar yau na fara ganinta. Yaya ba ta ko yi jinkirin haɗiye yawu ba, ta ce ita ta ba ta, kunu ne na gyaɗa da shinkafa, cokali uku, minti goma da suka wuce. Ta san likita tana bukatar sanin abin da ya shiga huhun kafin ta san abin yi, shi ya sa ta faɗa. Ni ma na san haka.

Ana cikin wannan hidima na zame na shiga kicin na mayar da filas ɗin cikin jakata. Da ƙura ta lafa, shugabar ɗakin ta ce in rubuta rahoto tunda ni ne mai kula. Na zauna na tsara shi. Na rubuta cewa mataimakiyar nas ta ba mara lafiya abinci ta baki, alhali akwai takardar hani a kan gadon, kuma ba tare da umarnin nas mai kula ba. A bi shi kalma bayan kalma, ba za a sami ƙarya ko ɗaya ba. Shugabar ta karanta ta ce da kowa zai riƙa rubutu haka da aikinta ya yi sauƙi. A ranar aka dakatar da Yaya.

Huhun Hajiya ya kama ciwo, zazzaɓi ya rufe ta, a kwana na biyar ta cika. Dokar asibiti ce a gaya wa iyali gaskiyar abin da ya faru, aka kira Dakta aka gaya masa cewa wata ma'aikaciya ta ba ta abinci ta baki. Da na je gaisuwa na tarar da falon cike da maza a kan darduma, Dakta yana tsakiya yana bayani. "Negligence ne kawai, sakaci. Wata mata ce a ward ɗin, ba ta san aikinta ba, ta ɗura mata abu. Ba za mu bar maganar nan ba." Aka yi ta salati ana girgiza kai. Ina gefensa ina cin dabino, ni ma na girgiza nawa.

Da mutane suka ragu na bi shi har bakin kicin na miƙa masa ledarsa, filas ɗin a wanke tas. Ya karɓa bai duba ba ya tura bayan tukwane, ya ce, "Malam, wannan maganar ta mutu a nan." Sai ga maijego a bakin ƙofa da jariri a kafaɗa, idonta ya kumbura. Ashe ta ji mu.

Ta ce, "Ni na dama kunun nan. Matar nan ba ta da laifi, don Allah a gaya musu gaskiya."

Dakta ya ce, "Shiga ciki. So kike a ce ke kika kashe uwarki? So kike social services, masu kare yara, su zo su fara tambaya a kan yaron nan?"

Ta dube ni, tana jiran in ce wani abu tunda ni ne ma'aikacin asibiti. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Ta juya ta shige. A makon nan Dakta ya kai ƙara asibiti a rubuce, shafi uku, da Turancinsa mai kyau.

Ana saura kwana huɗu zaman bincike Yaya ta tare ni a tashar bas a kan Stockport Road, gaban wani shagon kayan miya. Ta rame, kuma karo na farko ke nan da na gan ta da rana ba cikin kayan aiki ba.

Ta ce, "Ba cewa na yi ka ɗauki laifina ba. Hannuna ne ya ba ta, wannan ni da Allah ne. Ka dai gaya musu kai ka kawo, kuma ka san za a ba ta. Union rep ɗina, wakiliyar ƙungiyarmu, ta ce in nurse in charge ya sani, warning za su ba ni, ba za su kore ni ba."

Na ce, "Yaya, in na faɗi haka licence ɗina ne zai tafi. Kin san madam tana da ciki wata bakwai."

"Na sani. Babbar tawa kuma bana za ta rubuta exams ɗinta. In suka cire mini sponsorship, ina zan kai su? Ƙaramar ko Gombe ba ta tunawa."

Sai na ɗauko irin maganar da muke fakewa a bayanta in mun ƙi taimako. Na ce ta yi haƙuri, ta dage da addu'a, Allah yana tare da mai gaskiya. Ta yi wata 'yar dariya ta ce, "To ai shi ke nan, ƙanena." Bas ɗina ta zo na shige.

Ranar zaman aka kira ni a matsayin shaida. Mutum uku ne a bayan tebur, Yaya tana gefe da wakiliyar ƙungiya. Na maimaita abin da na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Sai shugaban zaman ya juya ya tambaye ta inda kunun ya fito. Da ta ambace ni, na tabbata da an yarda da ita, domin kowa a ɗakin ya san ba ta iya ƙarya ba, kuma da an nemi maijego da ta gaskata ta. Yaya ta dubi teburin ta ce ita ta dama shi a gida ta kawo, don ta ga tsohuwar tana kukan yunwa.

Daɗi na ji. Ba kunya ba, ba nadama ba, daɗi, irin na wanda mota ta goga wa riga ta wuce. Aka kore ta a ranar.

Matan ɗakin suka yi ta zarya gidanta da abinci, wasu suka rubuta wa shugabanni wasiƙa a kan halinta, ba a ko amsa musu ba. Mu maza uku da ke ɗakin muka haɗu a wajen shan shayi muka yanke hukuncin cewa matsalar mata ke nan, zuciya tana rinjayar kai, ga zaƙewa. Ni ne ma na kawo kalmar zaƙewar. Amma zaman Manchester ya fara yi mini nauyi, kullum ina tsoron in yi kiciɓis da ita ko da maijego a kanti. Na nemi babban matsayi a wani asibiti a Birmingham. A wurin ganawa suka ce in ba su misalin lokacin da na fifita lafiyar mara lafiya a kan abokin aikin da nake ƙauna. Na ba su labarin Yaya, na ɗan sassauta murya a inda ya dace, na ce rubuta rahoton nan shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Na ga ɗaya daga cikinsu tana gyaɗa kai cikin tausayina. Aka ba ni aikin, muka tare a kusa da Edgbaston, a can matata ta haifi ɗa namiji.

Ita kuwa Yaya wasiƙa ta iso mata daga hukuma, cewa tana da 'yan makonni ta sami wani wurin aikin da zai tsaya mata, in ba haka ba ta bar ƙasar da 'ya'yanta. Ta buga ko'ina, duk wanda ya ga dalilin korar sai ya rufe ƙofa. Daga ƙarshe wata mata mai gidan kula da tsofaffi a bayan garin Birmingham ta saurare ta har ƙarshe, ta ce ta fahimta, za ta ɗauke ta da sharaɗi ɗaya. Tana son nas ɗin da ke kula da ɗakin a ranar, wanda ya rubuta rahoton, ya ba da shaidar cewa kuskure ne na rana ɗaya, ba halinta ba ne.

Yaya ta kira ni ta ce, "Ƙanena, reference kawai suke so. Form ne shafi ɗaya, za su turo maka. Saura mini kwana goma sha biyu."

Na ce, "Haba Yaya, wannan ai ƙaramin abu ne. Su turo yau ma."

Suka turo. Tambaya ta ƙarshe ita ce ko zan yarda in sake aiki da ita, kuma ko zan amince in bar mata mara lafiya. Amsar gaskiya ita ce da mahaifiyata za ta kwanta ciwo, hannun Yaya zan so ta faɗa. Amma ni sabo ne a wurin aiki, ana kan gwada ni. Na yi ta saƙawa ina kwancewa. In na yabe ta, wata rana wani ya ajiye yabon kusa da rahotona, zai tambayi dalili, kuma tambaya tana haifar tambaya. In kuma ta sake wani tausayin a can aka samu matsala, sunana ne a ƙasan takardar. Matata, wadda ba ta san zancen filas ba, ta gan ni ina ta kallon waya ta ce, "Ka cika mata mana, me zai ci ka? Matar nan da ta riƙe ka kamar ɗan cikinsu." Na ce mata ba ta san yadda aikin nan yake ba. Kwana shida takardar tana hannuna. A na bakwai na zaɓi gurbin da ke cewa ba zan iya ba da shaida a kanta ba, na aika, sannan na rubuta wa Yaya cewa na tura, Allah ya sa a dace.

Bayan kwana biyu ta shigo jirgin ƙasa daga Manchester don ta ga unguwar da za su zauna, ta kuma duba makarantar yara. Ta ce tana so ta gan ni ko na minti goma ne. Muka haɗu lokacin hutuna na rana a wani ɗan shagon shayi kusa da tashar jirgi. Ta zo da fara'arta, ta sha ɗaurin ɗankwali, ta fito da ƙulli daga jaka ta buɗe a kan tebur. Hula ce da safa na jarirai, shuɗaye, ita ta saƙa da hannunta a zaman rashin aikin nan. Tana cikin tambayata lafiyar maijego da ko yaron yana barci sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba ta ce, "Su ne!" Ta gyara zama ta ɗauka.

Ina zaune a gabanta, tazarar tebur ɗaya, na kalli fuskarta tana sauka. Ba ta ce komai ba sai "Yes" da "I understand", daga ƙarshe ta yi godiya ta kashe. Ta ajiye wayar a hankali kusa da kofinta.

Ta ce, "Sun ce nurse ɗin ya ƙi."

Na fara cewa, "Yaya, yadda suka tsara form ɗin ne, ba su ba da wurin da mutum zai..."

Ta ɗaga hannu ta katse ni. "Da ka ce mini ba za ka iya ba, da na yi amfani da kwana taran nan na nemi wani wurin. Jiya na ce wa yaran su daina kuka, kawunsu ya tsaya mana. Babbar har ta koma karatu."

Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ambaci kunu ko zaman bincike ba, alhali da waya ɗaya za ta iya rushe ni har a ranar. Na zauna ina jiran ta yi mini barazana don in samu abin jin haushinta, ba ta ba ni ko wannan ba. Ta naɗe hular da safar ta turo gabana ta ce, "Na yaron ne, ba naka ba. Ka kai masa." Sannan ta tambaye ni ta wane gefe ake hawa jirgin da ke komawa cikin gari. Na tashi da rawar jiki na raka ta har bakin matakala, na yi mata kwatancen inda za ta canza jirgi zuwa Manchester dalla-dalla. Ta ce ta gode. Na koma ɗakin marasa lafiya saura minti huɗu hutuna ya ƙare.

Ba su kai ƙarshen watan ba suka bar ƙasar su uku. Babbar ba ta zauna jarrabawar ba.

Ranar da na kai ƙullin gida, matata ta buɗe ta yi ta yaba saƙar, ta ɗauko yaron ta sa masa hular, ta zauna masa daidai kamar an auna kansa. Ta ce in kira Yaya yanzu-yanzu mu yi mata godiya, mu kuma ji ko aikin ya samu. Na ce mata na riga na yi godiyar a madadinmu duka.